Minti Huɗu a Zauren Yayana

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe ne, ranar wata Lahadi, shekara biyu kafin ƙasarmu ta samu mulkin kai. Mu huɗu ne a zauren gidanmu da ke Birni, cikin Damagaram: ni, da yayana mai gidan, da wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Baba, da wani tsohon soja da ya kawo takalminsa gyara. Na san lokacin daidai domin ina ɗaure da agogo. A wancan zamani ni ɗan aike ne a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, shekarata ashirin da biyar, na yi lakwal, makarantar boko, aji huɗu, kuma na ɗauki kaina mutum mai tsari. Komai a wurina da lokacinsa da yadda ake yinsa. Yanzu na tsufa ƙwarai, kuma ina so in faɗi abin da tsarin nan nawa ya yi, tun da sauran numfashina.

Yayana baduku ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Bai kai arba'in ba, ba ya kuma ciwon komai, sai dai kwana biyu yana cewa ƙirjinsa na yi masa nauyi, muka ce zaman ɗinki ne. A safiyar nan yana zaune kan buzu, basilla a hannu, yana tsokanar sojan cewa takalmin nan ya fi mai shi shan wuyar yaƙi. Sojan ya ce ai takalmin ya tsallaka teku, baduku kuwa ko Mirriya bai wuce ba. Yaya ya buɗe baki zai rama, sai basillar ta faɗi daga hannunsa, ya kife gefe guda. Baba ya kira shi sau uku, shiru. Sai ya soma wani irin jan numfashi mai kama da minshari, ya ja ɗaya, ya yi tsit, can kuma ya sake ja.

Na san wannan ƙara, na ji ta lokacin rasuwar mahaifinmu. Na ce wa kaina gargara ce, kuma na san abin da ake yi wa mai gargara. Da farko na kwantar da shi ta hannun dama, na fuskantar da shi alƙibla. Na biyu na roƙi Baba ya zauna wajen kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Na uku na ɗebo ruwa a moɗa ina ɗiga masa a leɓe. Na huɗu na ja ƙyauren zaure, don kada mata su fito da kuka su ruɗa shi. Har raina ya ɗan kwanta, ganin ban tsallake ko ɗaya ba.

Sojan ne ya ture ni. Ya ce in kawar da ruwan nan, in mayar da mutumin rigingine, a fagen yaƙi ya ga ana danna ƙirjin wanda ya faɗi haka, ya kuma ga wanda ya tashi. Ya durƙusa, har ya ɗora tafin hannunsa kan ƙirjin Yaya. A unguwa ba a ɗauki mutumin nan da daraja ba. Ana cewa yaƙi ya taɓa masa kai, yana haɗa Hausa da Faransanci, ba a cika ganinsa a masallaci ba. Na riƙe wuyan hannunsa da iyakar ƙarfina. Na ce masa nan ba bariki ba ne, ba za a hau ƙirjin musulmi yana kan hanyar komawa ga Ubangijinsa ba. Ya kira ni ɗan'uwa, ya ce in bari ya gwada, in ya so in yi ta kalmata shi yana tasa, ai baki daban hannu daban. Na juya ga Baba, Baba ya sunkuyar da kai, ya ce mini ɗana, jininka ne, kai za ka faɗa. Na ce a'a. Sojan ya miƙe, idonsa ya yi ja, ya ce to Malam Agogo, duba mana ƙarfe nawa ya mutu, tunda abin da ka iya ke nan.

Abin kunyar shi ne na duba. Daga faɗuwarsa zuwa ja na ƙarshe minti huɗu ne. Cikin minti huɗun nan na riƙe hannun mutumin da ke son taimako. Na shafe wa Yaya ido, na ɗaure masa haɓa, na rufe shi da zane, sannan na buɗe ƙofar cikin gida. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Sojan ya ɗauki makara tare da mu, bai dube ni ba. Da aka kwana uku matar Yaya ta tambaye ni ta bayan labule ko an yi masa wani abu. Na ce mata an yi masa komai bisa ƙa'ida. Ta ce Allah ya saka mini da alheri. Addu'ar nan har yau tana yi mini nauyi.

Shekara bakwai na zauna ina ganin na yi daidai. Sai wata rana da hantsi, bayan an samu mulkin kai, na je tashar mota kai saƙo, wani direba ya faɗi kusa da motarsa. Na ji ƙarar nan, ita ce sak, ja ɗaya sannan shiru. Mutane sun kewaye shi suna salati, wani ya ruga neman ruwa. Sai wata mata ma'aikaciyar gidan likita, wadda ta zo shiga mota, ta ajiye ƙunshinta, ta daka wa maza tsawa su ba ta wuri. Ta durƙusa cikin ƙasa, ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta shiga dannawa da ƙarfi, ba tsayawa. Wani ya ce haba baiwar Allah, gawa ce fa. Ta ce masa in shi ne mai ɗaukar rai ya faɗa, in ba shi ba ne ya je ya tayar da mota. Aka sa direban a bayan mota tana bisa kansa tana dannawa. Ni kuwa na bi motar da kallo. Bayan wata biyu na ga direban da idona a tashar, ya rame, yana shan fura, yana faɗa da masu lodi.

Na nemi matar nan na ba ta labarin Yaya. Ba ta yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Ta ce mini da yawa ko an danna ba sa tashi, musamman a gari irin namu da lungu ke hana mota shiga, gidan likita kuma da nisa. Amma ta ce jan numfashin nan ba numfashin kirki ba ne, alama ce zuciya ta tsaya yanzun nan, kuma a waɗannan mintoci ne kaɗai hannun na kusa ke da amfani. Na tambaye ta ko Yaya zai tashi da na bari. Ta ce Allah kaɗai ya sani. Da ta ce mini a'a, da na samu barci.

Na tafi neman sojan in roƙi gafararsa. Aka ce ya koma ƙauyensu wajen Droum. Na bi shi can, na tarar ya rasu tun damina biyu. Ƙanwarsa ta nuna mini kabarin. Tun ranar na cire agogon na sa a akwati. Amma ko yanzu, in jikana ya yi minshari a ɗaki, sai in ji ina ƙirga tazarar da ke tsakani, in ga basilla a ƙasa.

Na yi imani ba wanda ke wuce ajalinsa. Amma ban san ajalin Yaya ba, na yanke masa hukunci da kaina, domin na fi son abin da na saba da shi, domin kuma na raina bakin da gaskiya ta fito. Kalmar shahada ba ta hana danna ƙirji ba, ni ne na hana.

Don haka mai karatu, ga roƙona gare ka. Cikin makon nan ka je wurin ma'aikatan lafiya na kusa da kai, ka ce su nuna maka yadda ake dannawar nan, ka tafi da mutum ɗaya daga gidanku. In wani ya faɗi gabanka, ba ya amsa kira, numfashinsa ya sauya, kada ka ba shi ruwa, kada ka rufe ƙofa. Ka aika a nemo mota, ka kwantar da shi rigingine, ka danna, bakinka na kalma. In ba za ka iya ba, don Allah ka saki hannun wanda zai iya. Kuma in ka idar da salla, ka sa yayana da sojan nan cikin addu'arka.