Saƙon Inna Yana Hannuna

Babu abin da yayana yake nema a duniyar nan kamar ya ji cewa Inna ta yafe masa. Ni kuwa tun ranar da na kwance igiya daga ƙafarta na ƙudura a raina sai ya ɗanɗana.

A gidansa ta fara ruɗewa, can Kebbe, inda yake aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ni ina Tambuwal ina koyarwa a firamare. Da fari ƙananan abubuwa ne. Ta zuba gishiri a kunu, ta yi azahar sau biyu, ta ce a ajiye wa Baba tuwonsa alhali ya shekara goma a ƙasa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai haƙuri da lallashi. Na ce a ba ni ita. Yaya ya ce har abada, uwa ba ta zaman gidan suruki ɗanta namiji yana raye, me mutane za su ce?

Sai wata Talata ta fice ba mayafi, ta bi titi har sakatariya, ta tsaya a ƙofar ofishinsu ta ƙwala masa kira da sunansa na yanka. Shi ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, don kunya. To a gaban abokan aikinsa ta kira shi, har sau uku, wai ya zo ya kore awaki daga gona.

Shi ke nan, Yaya ya yanke hukunci: wannan ba Inna ba ce, wani ne yake magana da bakinta. Mutum da karatunsa, da biro a aljihun gaba! Ya ɗora ta a kan babur ya kai ta wani gidan mai magani a wani ƙauye bayan Jabo, inda ake barin masu taɓin hankali su yi watanni. Sati uku in na kira waya sai ya ce tana barci, ko ta shiga maƙwabta. A wurin wani suna matarsa ta yi suɓutar baki.

Washegari ko makaranta ban leƙa ba, na hau kabu-kabu. Na same ta a ƙarƙashin wata rumfar kara, an aske mata kai ƙwal, idanunta sun yi jajir saboda hayaƙin da ake turara mata, ga igiya a ƙafarta an ɗaure da turke kamar akuya. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ko kin san hanyar gidanmu?"

Mai gidan ya ce ba a fita da majinyaci sai da izinin wanda ya kawo shi. Na ce, "In ya zo ka ce mishi ɗiyarta ta tafi da ita. In namiji ne ya biyo ni Tambuwal."

Ba zan yi ƙarya in ce jinyar gida daɗi gare ta ba. Wanki kullum, wani lokaci sau uku kafin la'asar. Maigidana, Allah ya saka masa, ya mayar da sakatar ƙofar gida sama inda hannunta ba ya kai. In na tafi makaranta maƙwabciyata ta zauna da ita. Na sha yi mata tsawa, in koma bayan ɗaki in yi kuka. Gyambon da igiya ta bari a idon sawunta sai da ya yi wata biyu yana ruwa, duk sanda na wanke shi kuwa da Yaya nake kwana a raina.

Sai bayan wata guda ya iya zuwa, da buhun shinkafa a bayan babur. Inna na ganinsa ta ɓuya a bayana, ta ɗauka mutanen gidan maganin ne suka biyo ta. Ya durƙusa a tsakar gida yana cewa, "Inna, ni ne, ki yafe min." Ko kallonsa ba ta yi ba. Wallahi na ji sanyi a raina.

A lokacin ta kai matsayin da duk abin da na faɗa shi take maimaitawa. In na ce, "Inna, ce bismillah," ta ce. In na ce, "Ce sannu da zuwa," ta ce. Yaya ya lura da haka, ya ja ni gefe.

"Ke kaɗai taka ji. Don Allah ki ce mata ta ce ta yafe min."

"Ni na ɗaure ta?"

Ya turo kawunmu, ya turo limamin unguwarsu. Duk wanda ya zo amsa ɗaya nake ba shi, cewa ba zan cusa wa marar lafiya magana a baki ba, yafiyar da ba a san an yi ba ai ba yafiya ba ce. Suka gyaɗa kai, suka ce Malama ta yi gaskiya. Gaskiyar da ban faɗa musu ba ita ce daɗi nake ji in ga ya zo duk Asabar ya koma hannu rabbana. Haka muka yi fiye da shekara.

Wata safiya ina shafa mata mai, sai ta riƙe hannuna. Idanunta tar, irin na da. Ta san ni, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ina yayanki? Na ga yana wahala. Ki ce mishi babu komi tsakanina da shi, duniya da lahira."

Na ce, "To, Inna."

Kafin hantsi ta koma cikin ruɗewarta. Bayan kwana tara ta rasu, a ɗakina, kanta a cinyata.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Yaya ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin. Ya rame, gemunsa duk furfura. Yana murza hularsa a hannu ya tambaye ni.

"Ba ta ce komi a kaina ba? Ko sau ɗaya?"

Na san amana ce, na san za a tambaye ni ita. Na dube shi, abin da nake gani kawai turken nan ne.

Na ce, "Ba ta ce komi ba."

Ya sa hularsa ya fita. Bana shekara uku ke nan. Har yanzu duk sallah yakan zo gaishe ni, in ba shi ruwa, in tambayi iyalinsa, ya tafi.