Asabar Huɗu a Abidjan da Wayar Baba a Kunne

Mun tashi da asuba daga Kano mu uku, ni da abokan aikina biyu, kowa da jakar kayan aiki a tsakanin ƙafafunsa. Wani Alhaji mai fataucin nama a Abidjan ne ya kira mu mu haɗa masa ɗakin sanyi. Ta Legas muka bi, sannan muka kama hanyar bakin teku har ƙasashe uku suka wuce ta taga. A kowace iyaka sai a sauke mu, a duba katin rigakafi, a buɗe jakata a ga ma'aunin gas da igiyoyinsa, a tsaya ana kallona kamar na ɗauko abin da zai tashi da motar. Da muka isa, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Sai na gaya muku abin da na baro a gida, in ba haka ba ba za ku gane yawon da na yi ba. Ciwon suga ya tafi da idon Baba shekaru shida da suka wuce. Shi kuwa mutum ne na ƙwallo tun yana saurayi, akwai wata ƙungiyar Ingila mai jar riga da ba ya haɗa ta da kowa. Tun da ya daina gani, duk Asabar nake zama kusa da shi gaban talabijin ina gaya masa wasan. Ba ya son na rediyo, ya ce sauri suke yi, kuma ba sa faɗin inda kowa yake tsaye. Mu muna da sunayen da muke kiran 'yan wasan da su: akwai Dogo a baya, akwai Bahago, akwai wanda Baba ya raɗa wa Malalaci. Ranar da na je yi masa sallama na ce ko ina nake zan kira shi in wasa ya zo. Ya ce, “To, Injiniya, mu gani.”

Alhaji ya sauke mu a wani ɗaki a hawa na uku, a unguwar da ake kira 220 Logements, cikin Adjame. Wanda bai ga Adjame ba bai ga cunkoso ba. Ƙananan bas ɗin nan da suke kira gbaka suna tsayawa duk inda suka ga dama, masu talla sun cinye rabin titi, kowa yana sauri kamar an biyo shi. Cikin mako guda muka gama bango da rufin ɗakin sanyin, amma kwamfuresar da za a ɗora, wato injin da ke kawo sanyin, tana cikin jirgin ruwan da bai iso ba. Abokan aikina suka juya gida. Ni da zan ɗora ta aka ce in jira.

Daga ranar ɗakin kwanan ya yi mini girma. Ba na jin Faransanci sai gaisuwa. Alhaji yana jin Hausa sosai, amma tun kafin gari ya waye yake fita mahauta. 'Ya'yansa masu ladabi ne, sukan gaishe ni da Hausa, daga nan sai hira ta ƙare, kowa ya yi murmushi ya kalli ƙasa. Abincina kullum garba, wato garin rogo da aka turara da soyayyen kifi da yankakken barkono. Ranar farko da na ji an ce “garba” sai da na waiwaya ina neman mai sunan. Mai sayarwar ɗan Nijar ne, Hausarsa tas, amma layin da ke gabansa ba ya barinsa ya ce mini fiye da “nawa za a sa?” Akwai ranar da na lissafa, kalmomin da suka fito daga bakina tun safe har magariba ba su cika hannu biyu ba.

Asabar ta farko na sauko da ƙarfin gwiwata, don na ga ko'ina akwai talabijin. Na shiga wani maki, haka suke kiran gidajen cin abinci da shaye-shaye na bakin hanya. Kujerun roba, kaji a kan wuta, kwalabe a kan kowane tebur. Na zaɓi lungu na nemi lemo, na juya wa kwalaben baya gwargwadon iko. Wasan yana nan a bango, amma an kashe muryarsa, an saki kiɗa daga wasu lasifikoki masu tsayin mutum. Na kira wayar Inna, ta miƙa wa Baba. Na toshe kunne ɗaya ina ihu: “Bahago ya karɓa! Yana gefen hagu!” Can na ji muryarsa a nesa: “Injiniya, biki ka je ne?” Na fita waje, murya ta fito, amma babu wasa. Na koma ciki, ga wasa, babu murya. Haka na yi ta shiga da fita har mai kawo abinci ta fara bina da ido, tana tsammanin guduwa zan yi da kwalbarta.

Asabar ta biyu mai garba ya kwatanta mini wani shago kusa da tasha, ya ce talabijin shida ne a ciki kuma ba kiɗa. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mini gidan cacar ƙwallo ba ne. Mutane a tsaye, kowa da 'yar farar takarda a hannu, ido yana yawo daga wannan allo zuwa wancan. Ba wanda yake goyon bayan kowa. In an ci, wani ya yi tsalle, wani ya yaga takarda. Na samu allon da ke nuna namu, na raɓe a ƙarƙashinsa, muka yi minti ashirin lafiya lau da Baba. Sai wasu suka ɗaga murya, mai shagon ya ɗauko rimot ya mayar da allon kan wasan Sifen.

Abin da na yi a nan har yanzu ina jin kunyarsa. Ban gaya wa Baba ba. Na ci gaba da magana, ina kallon wasu mutane masu farar riga ina kiran sunan Dogo da Malalaci. Na yi kusan minti uku ina ƙirƙirar wasa. Da na ji ya ce, “Yauwa, haka nake so ya riƙa komowa baya,” sai na kasa ci gaba. Na ce, “Baba, ka yafe ni, sun canza tasha tun ɗazu.” Ya ce, “Je ka yi La'asar.” Na yi sallar a wani ƙaramin masallaci a bayan tasha, na zauna har aka watse, don ban san inda zan nufa ba.

A tsakiyar mako na bi wakilin Alhaji zuwa tashar jiragen ruwa don jin labarin kwamfuresa. Motar haya muka shiga, irin wadda ake cika mutum biyar, muka ratsa unguwar dogayen benaye, muka haye gada. Treichville, unguwar da tashar take, ta fi Adjame numfashi: tituna a miƙe kamar an ja su da zare, manyan motoci jere suna jiran kaya, iska tana kawo warin kifi da gishiri. A can na hango wani gidan kallo mai ƙofar gilashi da allo kusan faɗin bango.

Na koma ranar Asabar da wankakkiyar riga. Ciki sanyi kamar ɗakin da nake haɗawa, ba kiɗa, kujeru masu laushi. Lemo guda kuɗin garba uku ne, na ce ba komai. Na fara gaya wa Baba wasa a hankali, ya ce ba ya ji, in ɗaga murya. Na ɗaga. Ba a jima ba wani ma'aikaci ya sunkuyo da ladabi, ya nuna wayata, ya nuna ƙofa. Ban ga laifinsa ba, mutane sun biya kuɗi ne don su kalli wasa, ba don su ji wani baƙo yana surutu da yaren da ba su sani ba. Na fita na tsaya a bakin gilashin, daga nan ana hango rabin allon. Idan ƙwallo ta tafi ɓangaren dama sai in ce, “Baba, jira, ta ɓace.” Ana cikin haka ruwan sama ya sauko, irin na garin nan da ba ya sallama. Na manne da bango, wayar a cikin hula. Aka ci mu biyu. Da aka tashi, mai gadin wurin, wani dattijo da ya daɗe yana kallona, ya ce, “Yako.” Daga baya na san kalmar jaje ce. Ya haɗa Faransanci da hannu da 'yar Hausar da ya tsinta, ya ce in je Biafra, in tambayi rumfar Tonton a bayan masu gashin nama.

Asabar ta huɗu na nufi can. Biafra unguwa ce a cikin Treichville, ta gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, lunguna a matse, kowace ƙofa da abin sayarwa. Hayaƙin nama ne ya kai ni. A bayan masu gashin akwai rumfar kwano, benci shida, talabijin a cikin kejin ƙarfe. Ba giya, ba kiɗa, sai shayi da kofi da ruwan citta mai kama maƙogwaro. Yawancin mazauna wurin mahauta ne da suka tashi daga kasuwa da masu dakon tashar jirgi. Tonton tsohon ma'aikacin tashar ne, a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Hausa da shanu. Hausarsa tana tafiya ne da sanda, kowace kalma uku sai Faransanci ya tallafe ta.

Na gaya masa buƙatata tun kafin in zauna, don na gaji da kora. Ya saurara, ya sa na maimaita. Sannan ya ja mini kujerarsa gaban allo, ya rage muryar talabijin, ya juya ya yi wa jama'a magana da Faransanci. Abin da na tsinta kawai shi ne “papa”. Wurin ya lafa.

Ban taɓa gaya wa Baba wasa a gaban mutum talatin ba. Da farko ina magana ina satar kallonsu. Da wasa ya yi zafi na manta da su. Can na lura na kusa da ni sun daina kallon juna, suna kasa kunne. Da na ce, “Malalaci ya tsaya yana kallo kamar an aike shi,” wani mahauci mai jin Hausa ya fashe da dariya, ya fassara wa na gefensa, dariya ta zagaya rumfar. Ana saura kaɗan a tashi Bahago ya yanko ta, Dogo ya sa kai. Na miƙe tsaye ina ihu, “Ta shiga, Baba, ta shiga!” Na ji shi a ɗaya ɓangaren yana cewa, “Kai! Kai! Da kai ya ci?”

Bayan an tashi Tonton ya miƙo hannu, ya ce yana so ya gaida tsoho. Ya riƙe wayar da hannu biyu. “Baba, ina wuni. Ina gida. Ina... ina gajiya.” Daga nan kalmomi suka ƙare masa. Ban san abin da Baba yake faɗa ba, na dai ga Tonton yana ta cewa “amin, amin,” yana kallon ƙasa. Ya mayar mini da wayar, ya shiga tattara kofuna. Jama'a suka watse, kowa ya nufi gidansa. Ba wanda ya tambayi sunana, ni ma ban tambayi na kowa ba. Na hau mota na haye gada ni kaɗai, na saya garba na hau da ita ɗaki.

Ranar Talata kwamfuresa ta fito. Kwana uku na ɗora ta, ɗaki ya ɗauki sanyi, Alhaji ya sa aka rataye naman farko a gabana. Ban sake ganin rumfar Tonton ba, don motar Juma'a na samu.

Na iso Kano da hantsi, na tarar Baba yana barci. Ina cin abinci a ɗakin Inna nake ba ta labarin rumfar, sai ta yi dariya. Ta ce ai a bayan tafiyata an buɗe gidan kallo a bayan katangarmu, kuma allon su Tonton yana makara, don ranar nan tun kafin in ce ta shiga unguwa ta riga ta ɗauki ihu. “Ina ganinsa ya ji,” in ji ta. “Ya ɗaga mini hannu kar in yi magana. Ya zauna da wayar a kunne yana jira ka iso wurin ka gaya masa da bakinka.”

Na ajiye cokali.

Ga wanda zai je Abidjan yana son kallon ƙwallo, abin da na koyo kaɗan ne. Allo ba ya wuya a garin nan, kowane lungu akwai. Kafin ka zauna ka duba ko akwai lasifika, ka duba hannun mutane ko da farar takarda, ka kuma san wanda rimot yake hannunsa. In ka samu wurin da mai shi zai tsaya ya ji abin da ya kawo ka, zauna ko benci ne. Ni dai sai da na yi Asabar uku kafin na samu, kuma sau ɗaya na zauna a ciki. Da Baba ya farka ya ji muryata, bai tambaye ni hanya ba. Ya ce, “Injiniya, wannan Tonton ɗin, ka karɓo lambarsa?” Na ce ban karɓa ba.