Jirgin Da Aka Guje Wa

Har gobe ina tuna ranar da Baban Hajara ya dawo daga aiki ya kasa cire takalminsa. Ku da kuka auri sojojin sama kwanan nan, gara ku ji wannan daga bakina.

Maigidana ɗan Wurno ne, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ke kwaso waɗanda aka ji wa rauni. Har lambar yabo ya samu a yaƙin arewa maso gabas. Ƙa'idar aikinsu ita ce, ba ya sauka sai na ƙasa sun nuna alama, farin ƙyalle ko hayaƙi, don kada ya faɗa tarkon 'yan bindiga.

Da damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Aka kai hari wani ƙauye a ƙasar Goronyo, garin mahaifiyarsa. Cikin waɗanda aka harba har da Kawu Isa, wanda ya riƙe shi yana ƙarami. Maigidana da kansa ya roƙi a tura shi.

Ya isa, ya yi ta kewaya garin. Ba ƙyalle, ba hayaƙi, ba ko akuya a fili. Ya kira ogansa ta oba-oba.

"Yallaɓai, na san garin nan gida-gida. A bar ni in sauka."

"Ka ga alama?"

"Ban gani ba."

"To juyo. Ba kai kaɗai ke cikin jirgin ba."

Ya juyo. Kafin la'asar Kawu ya cika.

Da muka je gaisuwa, na zauna cikin mata kusa da Inna Ige, matar mamacin. Ta riƙe hannuna.

"Ɗiyata, da sauran numfashinai. Sai munka ji jirgi. Kin san mu, in munka ji jirgi, cikin gero mukai, mu ɓuya. Munka ɗauke shi bisa tabarma muna gudu, jini na zuba. Shi kuwa mai jirgin ya ƙi tahiya, sai kewaya yakai bisa kanmu. Mi munka yi mai? Allah ya isa tsakaninmu."

Na ce, "Allah ya jiƙan Kawu." Ba ta san maigidana ne mai jirgin ba. Baban Hajara na zaure yana karɓar gaisuwa tare da maza.

Abin da na gane a aikin nan, daga ƙasa jirgin ceto da jirgin yaƙi duk ƙara ɗaya suke yi, kuma mutanenmu ba su da sauran zuciyar tsayawa su tantance. Baban Hajara yana tashi har yau. Da na ji ƙarar jirgi nakan yi masa addu'a, in yi wa waɗanda ke gudu a ƙarƙashinsa.