Gas Ɗin Da Ya Kashe Yaya Haruna Har Yau Yana Kasuwa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, mai gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya cikinta, a Farin Gada, Jos. Ana ta ce mini lokaci na sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba.

Yaya ba ya aikin gaggawa. In an kawo mota, sai ya zubar da tsohon mai, ya wanke bututun tas, ya zuƙe iskar ciki, ya bi kowane haɗi da ruwan sabulu yana neman inda ke yoyo, kafin ya ɗura gas. Direba ya ce, "Oga, ka zuba kawai, lodi na jira na," shi kuma ya ce, "Je ka gaba, akwai masu zubawa."

Duk wannan taka-tsantsan bai cece shi ba. Wani dillali ya sayar masa da tukunyar gas a cikin kwalinta, da tambari da komai, ashe an cakuɗa da gas ɗin girki. Yana cikin ɗurawa, injin na aiki, tiyo ya fashe, wuta ta tashi a fuskarsa. Ya yi kwanaki a asibiti, ba mu iya ko taɓa hannunsa. Da bakinsa ya gaya mini sunan dillalin.

Dillalin nan ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarmarmu, ya ce ƙaddara ce. Ya rufe shago na ɗan lokaci, ya sake buɗewa a Kwararafa da sabon allo. Babu wanda ya tambaye shi komai.

Da Yaya zai leƙo Jos yau, zai tarar garin ya ƙara zafi, kowa na son sanyi a mota, kowa na son araha. Watan jiya na tsaya kusa da wani gareji ana ɗura wa motar haya gas, sai na ji warin gas ɗin girki. Na yi magana, bakaniken ya ce, "Malam, duk gari shi ake sawa." Motar kuwa, yaran makaranta take ɗauka.

Dattawa sun ce in bar wa Allah. Mutuwarsa na bar wa Allah. Tukwanen da ke jere a shagon nan kuwa aikin mutane ne, kuma mutanen suna gani.

Me ya rage na Yaya? Kayan aikinsa sun yi tsatsa, wurinsa ya zama na mai faci. Sai 'yarsa Hauwa, wadda ta gaji natsuwarsa, yanzu tana jami'a. Ko ranar da na kai ta makaranta, ina kai hannu zan kunna esi ta riƙe ni.

"Baffa, bar shi," ta ce. "Zan sauke gilashi."