Motar da Mama Damaris Ba Ta Gani Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Television a wancan zamani ya san Mama Damaris, ungozomar ƙaramin asibitin coci, kuma ya san ba ta yarda da kowa ba. Daga Zonkwa ta biyo mijinta lokacin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar ma'aikata. Mijin ya rasu, masaƙun suka fara tangal-tangal, ita kuwa tana nan da almakashinta da tukunyar ruwan zafi. Rabin 'ya'yan layin ita ta yanke musu cibiya. Amma fa ko manja ta aika a sayo, sai ta ɗaga kwalbar a rana ta duba ko an yi masa haɗi. Hannunta na alheri ne, zuciyarta kuwa ta zargi ce.

Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya. Idan haihuwa ta zo da gardama, ba motar da za ta kai mace babban asibiti. A kan acaɓa ake ɗora ta, wani ya zauna a baya ya tallafe ta. Mata biyu sun cika a hanya a haka, kuma Damaris ba ta manta sunayensu ba.

A shekarar da soja suka koma bariki, wata coci a Turai ta aiko musu da kyautar motar ɗaukar marasa lafiya. Fasto Shekari da kwamitinsa suka wakilta Obinna ya je Legas ya fito da ita. Obinna makanike ne a Kakuri, ɗan cocin ne, kuma ya saba da tashar jiragen ruwa saboda sarin kayan gyara.

Sati uku ya yi ya dawo hannu rabbana. Ya ce kwastan sun riƙe motar, akwai matsala a takardu. Ya koma, ya sake dawowa da wannan maganar.

Damaris ta taɓe baki. Takardu? Motar kyauta, ta aikin Allah, wace takarda kuma? Ai yanzu mulkin farar hula ne, kowa ya sake, mai hali ya fito da halinsa. Ta soma bi ta garejinsa da rana tsaka, wai gaisuwa ta kawo, tana ɗaga tamfol tana leƙa ƙarƙashi. Ta ga ya yi wa ƙofarsa sabon fenti, ta riƙe wannan. A taron zumuntar mata ta ce ita ba ta kama sunan kowa ba, amma mota ba allura ba ce da za ta ɓace. Kafin wata ya ƙare, 'yan coci sun daina kai wa Obinna gyara. Shi kansa Fasto bai tsira ba, don ta lura shirunsa ya yi yawa.

Da maganar ta ishe shi, Fasto ya tara kwamiti bayan sujada, ya sa aka kira Damaris. Ya ce wa Obinna ya ajiye duk abin da ke jakarsa a kan tebur. Obinna ya zaro takardun motar ya ajiye.

Fasto ya karanta a hankali. A takarda an rubuta mota ce kawai, babu kaya. Da aka buɗe ta a tasha, sai aka tarar an danƙare ta har rufi da kayan gwanjo: riguna, takalma, barguna. Doka ta hana shigo da su, ga shi kuma ba a bayyana ba. Da aka tambayi masu kyautar, suka aiko da kwafin wasiƙar da ta roƙe su kayan. Fasto ya juyo da wasiƙar, ya tura ta gaban Damaris. Sa hannunta ne a ƙasa.

Ita ta sa 'yarta Judith ta rubuta da Turanci, watanni da suka wuce. A garinsu ko kwano maƙwabciya ta aiko, ba a mayar da shi wofi, sai an zuba 'yar gyaɗa. To mota guda za ta keto teku da cikinta fayau, alhali jarirai na kwana ba bargo? A ganinta wannan asara ce, har da rashin tarbiyya. Ba ta kuma gaya wa kwamiti ba, don ta tabbata in suka ji, kayan ba za su iso hannun matan unguwa ba.

Ta dubi Obinna. "Ka san da wannan?"

"Tun tafiyata ta farko, Mama."

"Ka yi shiru ina yawo da sunanka a gari?"

"Mama, ke kika karɓi haihuwar 'yata Onyinyechi, lokacin da kowa ya ce madam ba za ta tashi ba. Da wane baki zan tsaya a coci in faɗa? Na ɗauka zan iya gyara abin shiru."

Bai gyaru ba. Fasto ya rubuta roƙo, Obinna ya sake hawa motar Legas sau biyu, har wa'adin da kwastan suka bayar ya cika. Aka ƙwace kayan, aka haɗa da motar.

Ranar Lahadin da aka sanar, Damaris ta miƙe ba wanda ya kira ta. Ta faɗi abin da ta yi daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba. Sannan ta taka har bencin Obinna, tsohuwa da furfurarta, ta durƙusa. Ya yi wuf ya ɗago ta, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Tana riƙe da hannunsa ta tambaye shi a hankali, "Ɗana, kai ka gan ta. Yaya take?"

"Fara ce, Mama. Akwai gado a ciki, da kujerar ungozoma a gefensa."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata.