Kiri-kirin da Munka Dasa a Mafara

Mun tashi da asuba daga Dosara, ni da ɗana na biyu, amma sammakon banza ne. A tashar Maradun direba ya ce ba mai hawa hanya sai rana ta fito, an ga motar farko ta shigo lafiya. Haka tafiya ta koma a ƙasarmu. Munka zauna kan benci, ina jan carbi, shi yana mita, wai tsohuwa kamata mi take nema a filin ƙwallo.

Bari in faɗa muku abin da nake nema. Ni ban yi boko ba, ɗiyata ke rubutawa ina faɗi, kuma na hana ta gyara mini magana. Shekarar da mijina ya rasu ina zaune Talata Mafara da marayu huɗu, anka nemi matan da za su dasa ciyawa a wani filin ƙwallo da ke gefen gari. Mu goma sha huɗu munka yi aikin, ni ce babba. Kiri-kiri muke tonowa a bakin hanyar ruwa, mu yanka shi taƙi-taƙi, mu huda ƙasa da tsinke, mu sa, mu danne da dunduniya. Kashin tumaki sai mun dake shi mun tankaɗe kamar garin tuwo. Ruwa a garwa muke ɗauko shi bisa kai. Ƙarangiya da tsidau da hannu munka tsince su. Damina biyu, filin ya rufe, har manya na zuwa daga nesa su tuɓe takalmi su taka.

Yau saura mu biyu da rai, ni da ƙawata da ke kwance a Maradun, idonta ya tafi. Da labari ya zo an kankare filin an shimfiɗa ciyawar roba, ta kama hannuna ta ce, "Ki tahi ki ɗebo mini tamu, ko damƙi guda ne, in taɓa kafin in wuce." Na ce to. Ni kuwa in na ce to, magana ta zauna.

Mota ta cika wajen hantsi. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan shinkafa a but, da wani ɗan akuya da ya yi mini fitsari a ƙafa tun ba mu bar gari ba. Kuɗin da anka karɓa a hannunmu, da can ya kai mutum Sakkwato ya dawo da tsaraba. Inda ruwan Bakolori ke isa, shinkafa da albasa sun yi kore shar. Inda ba ya isa, ko inda mutane sunka gudu, gonaki ne kwance ba ko kunya guda, ga rumbuna sun zube. A kowane shinge sai an leƙo an dube mu. Ba mai hira a motar, kowa idonsa na daji.

Ranar kasuwa munka faɗa Mafara. Ɗana ya sayo mini hoce, wainar dawa ta ƙasarmu, da soyayyen kifi. Hocen yanzu bai fi tafin hannun jariri ba, kifin kuwa kai ne da ƙaya. Na ci don kada jiri ya kayar da ni gaban mutane.

Filin ban gane shi ba. An kewaye shi da waya, an sa ƙofar ƙarfe da maigadi. Munka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da hanya, sannan na ce masa ni ce na dasa ciyawar wurin ga. Ya yi dariya. "Iya, wagga daga ƙasar waje anka kawo ta, a naɗe kamar darduma." Na ce ba wagga ba, wadda kunka kashe. Ya daina dariya, ya buɗe mini.

Kore ne, ban hana shi ba, amma koren fenti. Na tuɓe takalmi na taka, sai da na yi salati, tafin ƙafata kamar na hau kaskon suya. Na duƙa na shafa. Baƙin tsaki ne a gindin ciyawar, na taya da anka niƙa, kuma warin taya take. Ba fara, ba tururuwa, ba balbela ko ɗaya. Wani mutum na share ta da buroshi kamar ɗakin amarya.

Maigadin mutum ne mai gaskiya. Ya ce tun da injin ruwa ya lalace tsakiyar filin ta zama fako, da rani ƙura, da damina taɓo, samari na karya ƙafa. Wani mai hali ɗan garin ya ga haka ya kawo roba, yanzu ana wasa rani da damina. Na ji, ban musa ba. Muna tsaye sai ga tankar ruwa ta shigo, anka ja mesa ana fesa wa robar nan ruwa. Na ce wanga fa? Ya ce in ba a sanyaya ta ba kafin la'asar, takalmin 'yan wasa kan yi zafi, kuma wanda ya faɗi sai fatarsa ta saɓule. Jama'a, ku ji. Shekara da shekaru ciyawa mai rai na neman ruwa anka ce babu. Yau ga shi ana yi wa roba wanka da tanka guda.

Na tambayi inda anka kai tamu. Ya ce sati uku ke nan tifa ta kwashe ta da ƙasarta, wani mutum wajen Birnin Tudu ya saya. Raina ya ɗan dawo, don na san kiri-kiri. In dai saiwarsa na cikin ƙasa, wata guda bai kashe shi. Ɗana ya ce, "Inna, don Allah mu koma gida." Na ce ya koma, na san hanyar Bakura tun bai san hanyar bakinsa ba. Ya biyo ni.

Daga Bakura mashin munka hau. Ni da shekaruna, an ɗaga ni an aza kamar buhun dankali, hanya duk ramu, kowane rami sai ƙuguna ya amsa. Da tambaya munka sami gidan. Mutumin ya karɓe mu hannu biyu, matarsa ta dama fura da nono mai kyau, shi kaɗai ne abin kirkin da na ci a tafiyar. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce, "Ai Gwaggo, ban taɓa samun ƙasar gini irin wagga ba. Ko ramno, ciyawar kwaɓi, ban sa mata ba, saiwar da ke ciki ta riƙe ta." Yana yabo ne, bai san yanka ni yake ba. Ya kai mu bayan gida. An kwaɓa ta, an tattake, an yi tubali, an shanya. Katangar makewayi ce anka tayar da ita, har ta kai ƙirjin mutum.

Na durƙusa inda anka zube tulin, na tona da farce. Duk saiwar da na ciro, in na lanƙwasa sai ta karye ƙas. Ba ɗanya ko ɗaya. Na roƙi tubali guda cikin waɗanda sunka rage, ya ba ni yana kallon ɗana, kamar mai tambayar ko lafiyata ƙalau.

A Bakura munka kwana gidan dangi, don ba a bin hanya da marece. Da safe munka juyo. Motarmu ta tsaya shan ruwa kusa da wata hanyar ruwa, ga kiri-kiri nan shimfiɗe, ɗanye shar. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Inna, mu tsuge damƙi guda mu kai mata. Ai ba ta gani." Na ce shekara arba'in tana gani ban yi mata ƙarya ba, sai yau da ba ta gani?

Na iske ta yadda na bar ta. Na aza mata tubalin a cinya. Ta shafa, ta shinshina, ta ce, "Ke dai har yau ba ki iya aike ba. Na ce ciyawa, kin kawo mini gini." Na faɗa mata komai, har makewayin ban ɓoye ba. Ta sa farce ta ƙwaƙulo saiwa guda, tana murza ta da yatsu. "Tamu ce," ta ce. "Ji gaɓoɓinta kusa-kusa. Wadda ta sha tattaki ce ke haka."

Na dawo Dosara da ciwon ƙugu, da abin da na koyo. Ba roba ta kashe ciyawarmu ba. Waɗanda sunka ƙi ba ta ruwa ne, kuma robar ma ranar da ta yage haka za su tsaya kallonta. Aikin hannun talaka kuwa, ba mai tambayar ko wa ya yi shi kafin a aiko tifa.

Tubalin na can ƙarƙashin gadonta. Ta kira 'ya'yanta maza gabana, ta ce ranar da anka zo rufe ta, a sa shi cikin tubalan da za a jera mata, wajen kai.