Jarkar Ruwan Teku

Goggo, yayar Babana, a nan Zongon Lomé, kusa da teku, aka haife ta, aure ya kai ta arewa, can gaba da garin Kara. Da tsufa ya kwantar da ita idonta ya tafi, sai ta aiko wa Baba cewa ba ta son atamfa, ba ta son goro. Ruwan teku take so ta taɓa kafin ta koma ga Allah.

Baba malami ne, almajiransa sun cika unguwa, amma ya ce ba wanda zai ɗebo sai shi. Ya naɗe wando ya shiga har gwiwa ya cika jarka, igiyar ruwa ta jiƙa masa babbar riga, ya dawo gida yana faɗa da teku. Ni aka ce in raka shi ya kai mata, tunda ni ce babbar 'yarsa kuma ni kaɗai ke iya jure mitarsa.

Direba ya ce a ɗora jarkar a saman mota tare da kaya. Baba ya ce sai dai a ɗora shi da ita. Haka ya rungume ta a cinya.

Da muka tashi, bas ɗin ya fara bin titin bakin ruwa. Itatuwan kwakwa sun sunkuya, masunta sun yi layi suna jan taru. Wata mata a bayanmu ta leƙa taga, ta dubi jarkar, ta ce, "Malam, ga shi nan har ƙarshen duniya, kai kuma ka biya masa kuɗin mota?" Baba ya ƙara rungume jarkarsa.

Muka karkata arewa. Ƙasa ta koma ja, gonaki suka ƙare, daji ya rufe mu. Wajen Aledjo hanya ta fara hawa tana murɗewa, dutse a dama, rami a hagu, bishiyoyi can ƙasa kamar ganyen miya. Wallahi ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba. Na ce, "Baba, dubi!" Ya ce ya gani, alhali murfin jarka yake dubawa.

A tsakiyar hawan nan motar ta yi tari ta mutu. Ba gari, ba rafi. Ruwan shan da ya rage aka bar wa yara. La'asar ta yi, mutane suka fito da butoci babu ko ɗigo, sai idanu suka koma cinyar Baba.

Baba ya miƙe ya yi wa'azi mai daɗi a kan taimama. Ya nuna ƙasa mai tsarki, ya nuna dutse. Sai wani Alhaji mai sayar da takalma, wanda ke zama a karatun Baba na safe, ya ce, "Allah gafarta Malam, ba kai ka koya mana ruwan teku yana alwala ba? Kuma idan akwai ruwa, taimama ta halatta?"

Kai! Na ga fuskar Baba. Tausayinsa ya kama ni, dariya kuma tana cina. Sai ya buɗe murfin da hannunsa. Shi ya riƙa tsiyaya wa kowa, yana cewa, "Sau ɗaya-ɗaya ya isa, ba wanka ba ne." Alhajin ya kurkure baki ya tofar yana salati saboda gishiri. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya wa Baba rai.

Abin da ya saura bai cika kofin shayi ba. Daga baya aka gyara motar muka ci gaba da tafiya.

Mun tarar da Goggo a kan tabarma. Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga shi, amma..." Ta karɓi jarkar ta girgiza kusa da kunnenta.

"Auta, duk faɗin tekun nan, ɗan wannan ka iya kawo mini? Tun kana yaro rowa gare ka."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta zuba a tafinta ta shinshina, ta ɗanɗana, ta shafa a fuska. Ta daɗe hannunta na kan idanunta.

"Shi ne," ta ce. "Haka rigar Inna take ƙamshi in ta dawo daga sayen kifi."

Baba ya juya baya yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi.